Daga Totuwar Masara Zuwa Zilitol: Yadda Ake Juya Akalar Yis

Ranar da likita ya hana gwaggona shan sukari, ba fura ta yi wa kuka ba, shayi ta yi wa. Tsohuwa ce da ba ta sanin gari ya waye sai ta kurɓi kofi biyu masu kauri. Da wani aiki ya kai ni Yamai, na shiga farmasi na sayo mata 'yar ledar zilitol, farin abu mai kama da sukari sak, kuɗinsa kuwa sai da na sake ƙirga canjina. Kuskuren da na yi shi ne, da ta tambayi ko mene ne, na ce mata Turawa na kiran danginsa "alkol na sukari". Nan take ta ture kofin gefe.

"Kai ɗan nan, mi kake nufi? Da tsufana za ka ba ni giya?"

"Gwaggo, ko buhu kika sha ba ya sa maye. Iyakarsa ya ɓata miki ciki."

A bakin masana sinadarai, alkol sunan zuri'a ne, na wasu sinadarai masu ɗauke da reshen da ake rubutawa OH. Abin da ke cikin giya ɗa guda ne a gidan, kuma shi ya ɓata wa sauran suna. Zilitol, eritiritol, sorbitol da manitol 'yan gidan ne da ba ruwansu da maye. Zilitol, wanda Bajamushe Emil Fischer ya fara haɗawa a 1891, zaƙinsa kusan ɗaya da na sukari, kalorinsa 2.4 a kowane giram maimakon 4, ba ya harba sukarin jini sama da sauri, kuma ƙwayoyin da ke cin haƙori ba sa iya amfani da shi, shi ya sa ake zuba shi a cingam.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar kuwa, tarin totuwar masara ne da ke bayan ɗakinta, wadda take hura wuta da ita. Masana'antun ƙasar Sin daga totuwa suke yin mafi yawan zilitol ɗinsu. Suna tatsar wani sukari mai suna ziloz, su tsarkake shi, su matsa masa iskar haidirojin da ƙarfe nikel cikin zafi mai tsanani har ya koma zilitol, aikin da sai mai manyan injuna. Yis kuwa, 'yar halittar nan irin mai kumbura burodi, yana yin wannan juyin a digiri 30, cikin kwalba. Na rubuta wannan ne don ɗalibin da ke da damar shiga labo, ko a nan Maraɗi ko wani wuri, yake son ya gwada. Kuma bari in faɗa tun yanzu abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane: cusa wa yis sabuwar ƙwayar gado, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin wani aiki, aikin mako biyu ne. Abin da ke cin watanni lissafi ne irin na ɗan kasuwa, wato mene ne jari, ina yake fitowa, wa ke cinye shi.

Fara da sanin hanyar. Wasu nau'o'in yis, irin su Scheffersomyces stipitis (tsofaffin littattafai na ce masa Pichia stipitis) da Candida tropicalis, suna cin ziloz zango-zango. A zangon farko wani anzim, wato furotin mai juya wani sinadari zuwa wani, ya ɗora wa ziloz haidirojin ya zama zilitol, kuma ƙwayar gadon da ke yin wannan anzim ita ce XYL1. A zango na biyu anzim ɗin XYL2 ya karɓi zilitol ya mayar da shi ziluloz, daga nan ya wuce tukunyar yis a cinye. Mu kayanmu a zangon farko muke so a sauke su. Saboda haka hanya biyu ce. Ko ka ɗauki yis mai cin ziloz ka datse masa zango na biyu, ko ka ɗauki yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, wanda bai iya cin ziloz ba, ka ba shi zangon farko kaɗai. Duka an gwada. A 1991 masu bincike na Lund a Suwidin da abokan aikinsu na Finlan sun saka XYL1 cikin yis ɗin burodi, fiye da kashi 95 cikin 100 na ziloz ɗin da ya sha ya fito zilitol. A 2006 wasu a Koriya ta Kudu suka lalata XYL2 a Candida tropicalis, suka ciyar da shi giliserol, suka samu kashi 98.

Ga mai farawa, ni dai yis ɗin burodi nake zaɓa. Tun 1996 aka gama karanta littafin gadonsa, haruffa kusan miliyan 12, ƙwayoyin gado wajen 6,000 a kan kuromozom 16, kuma duk kayan aikin da za ka nema an riga an ƙera su dominsa. Candida tropicalis kuwa yana kama mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, ba abin wasa ba ne a ɗakin da ɗalibai goma ke shige da fice. In ka samu nau'in labo irin CEN.PK daga wani malami, ka huta. In babu, na leda da masu burodi ke saye ma yana karɓar gyara, sai dai kowace ƙwayar gado yana da ita biyu ko fiye, ka san da haka. Ko ba komai ka fara koyon tsabtar hannu da shi: giram 10 na ruwan yis busasshe, giram 20 na pepton, giram 20 na gulukoz a lita guda, ka ƙara giram 20 na agar, mai daskarar da ruwan, in faranti za ka zuba, ka dafa a digiri 121 na minti 15. Tukunyar matsi ta girki tana yin wannan aikin. Sai ka iya zuba faranti goma, ka ajiye kwana uku, babu wanda ya tsiro gashi, sannan ka cancanci taɓa DNA.

Yanzu ga jarin. Anzim ɗin XYL1 ba ya aiki kyauta. Duk ƙwayar ziloz guda da zai juya, sai an biya shi da ƙwayar NADPH guda, wadda ita ke ɗauke da haidirojin ɗin. Da ya karɓa ta zama fanko, NADP, sai an sake cika ta. Yis mai cin ziloz yana yanka wani kaso na ziloz ɗin ya ƙona don cika fankon. Namu da muka datse wa hanya ba shi da wannan damar, don haka dole ka ba shi wani abinci a gefe. Idan ka yi haka, kusan duk ziloz na iya fitowa zilitol, har ma nauyin ya ɗan ƙaru, tunda ziloz 150 ne a ma'aunin nauyin ƙwaya, zilitol 152. Duk wanda ya ce maka ya samu giram ɗaya da rabi daga giram guda, ma'auninsa ne ke masa ƙarya.

Wata ɗalibata ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda NADPH ne matsalar, me zai hana mu sayo mu zuba a kwalbar?" Tambaya ce ta 'yar Maraɗi, kuma ba ta banza ba. Na ce mata abu biyu ne suka hana: ba ya ratsa fatar ƙwayar yis ya shiga ciki, sannan kuɗin cokali guda ya fi na zilitol ɗin da zai haifar nesa ba kusa ba. Dole yis ya buga kuɗinsa da kansa.

Inda yake buga su sananne ne. Gulukoz na shiga, sai ya iske mararraba. Babbar hanya ta nufi samar da ƙarfi da etanol, wato alkol ɗin giya. Ƙaramar hanya, wadda ake kira ta pentoz fosfat, tana ba da NADPH biyu a kan kowane gulukoz da ya bi ta. Mai gadin bakin ƙaramar hanyar shi ne anzim ɗin ZWF1, na gaba da shi mai ba da NADPH na biyu GND1. Gyara na biyu da ya kamata ka yi bayan XYL1, ke nan, shi ne ka ƙara wa ZWF1 ƙarfi ta hanyar ba shi makunni mai ƙarfi, wato guntun DNA da ke gaban ƙwayar gado yana faɗa mata yawan aikin da za ta yi. Za ka ji kwaɗayin toshe babbar hanyar gaba ɗaya ta goge PGI1, mai gadin bakinta, don duk gulukoz ya bi ƙarama. Kada ka yi. Yis ɗin burodi da aka goge wa PGI1 ba ya tsira a kan gulukoz. Rage mata ƙarfi ake yi da makunni mai rauni, shi ma sai hannunka ya faɗa.

Matsala ta gaba a bakin ƙofa take, kuma a nan na sha kunyata ta farko. Yis ɗin burodi ba shi da ƙofar ziloz ta musamman, ta ƙofofin gulukoz yake raɓawa ya shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin motoci a iyakar Ɗan Isa ya san yadda abin yake: muddin manyan tireloli na nan, mai ƙaramar mota sai ya jira. Gulukoz ne tirela. Ni kuwa, don tausayin yis, na cika masa kwalba da gulukoz na ce ya ƙoshi ya yi mini aiki. Bayan kwana biyu na buɗe, wari ya bugi hancina kamar kunun da ya kwana uku. Ziloz na nan yadda na zuba shi, abin da na samu shi ne ainihin alkol ɗin da gwaggo ke gudu. Halin wannan yis ne: in gulukoz ya yi yawa, etanol yake yi ko da iska ta wadata.

Maganin farko ba ya buƙatar taɓa gado ko kaɗan. Ka bar yis ya girma a kan gulukoz har ya cinye, sannan ka zuba ziloz, ka riƙa ɗiga masa gulukoz kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai cika fankon NADP ba tare da ya tare ƙofa ba. Masu famfo na ɗigawa da famfo. Mu sirinji muke amfani da shi da agogon waya, ana karɓa-karɓa har dare. Magani na biyu na gado ne. A 2014 masu bincike a Farankfot ta Jamus suka nuna cewa canza amino asid guda, wato tubali guda cikin waɗanda ake gina furotin da su, a ƙofar da ake kira Gal2, na 376, daga asparajin zuwa fenilalanin, yana sa ta daina ɗaukar gulukoz ta riƙa shigar da ziloz. Ana rubuta shi N376F. Wannan gyara na uku ne, kada ka fara da shi.

To, yaya ake cusawar? Tun 2013, lokacin da aka nuna a labon George Church na Harvard cewa CRISPR, dabarar yanka DNA a daidai wurin da ake so, na aiki a yis, hanyar ta zama kamar aikin tela. Kana buƙatar almakashi, shi ne furotin Cas9. Kana buƙatar ɗan jagora, guntun RNA mai haruffa 20 da ke kai almakashin wurin yanka, kuma dole a bayan haruffan nan 20 a jikin DNA ɗin yis a samu kowane harafi guda sannan GG. Kana buƙatar ƙyallen faci: makunni mai ƙarfi irin TDH3 ko TEF1, sai XYL1, sai birki irin CYC1 a ƙarshe, wato guntun DNA da ke faɗa wa ƙwayar gado inda za ta tsaya, sannan a kowane gefe haruffa 40 zuwa 50 da suka yi daidai da bakin wurin da aka yanka. Yis ɗin burodi gwani ne wajen ɗinke yanka da duk ƙyallen da bakinsa ya dace, wannan baiwar ce ta sa ake son sa. Almakashi da ɗan jagora suna zuwa a kan filasmid, ɗan zoben DNA, wanda labo-labo ke samu daga ma'ajiyar Addgene ta Amurka ko daga hannun abokan aiki. Wurin faci, ka zaɓi inda yis ba zai yi kewarsa ba. Mutane da yawa na amfani da gurbin HO.

Abu biyu ke kayar da masu farawa a nan. Na ɗaya, ka tsara facin yadda bayan ɗinki haruffa 20 ɗin nan za su ɓace, in ba haka ba almakashi zai dawo ya sake yanka har yis ya mutu. Na biyu, S. stipitis da dangin Candida suna karanta haruffan CTG a matsayin amino asid serin, yis ɗin burodi kuwa lusin yake karantawa. Kafin ka aika a haɗa maka ƙwayar gado daga cikinsu, bi ta harafi-harafi ka duba. Wasu na gudun wannan su ɗauko irin anzim ɗin daga naman gwari Neurospora crassa, wanda shi ma yana da kuzari sosai. Kuma ka dasa XYL1 a jikin kuromozom, kada ka bar ta a kan filasmid. Filasmid baƙo ne, ranar da ka daina zuba maganin da ke tilasta wa yis riƙe shi, ranar zai fara sulalewa.

Ranar aikin, ka tashi da yis ɗin da ya kwana yana girma, ka tsarma shi cikin sabon ruwa, ka bar shi awa huɗu zuwa biyar ya ninka sau biyu. Ka tara ƙwayoyin da injin wulwulawa, ka wanke da ruwa mai tsabta. A kansu ka zuba mikrolita 240 na PEG 3350 mai kashi 50, mikrolita 36 na litiyom asetat mai ƙarfin mola 1, mikrolita 50 na DNA ɗin kifin salmon da ka tafasa minti biyar ka tsoma a ƙanƙara, sai mikrolita 34 na filasmid da ƙyallen facinka. Jimla 360. PEG yana da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ka ja shi a hankali, in ka yi gaggawa rabi zai maƙale a bakin bututu. Ka gauraya, ka tsoma a ruwa mai digiri 42 na minti 40. Daga nan ka mayar da ƙwayoyin cikin ruwan abinci awa biyu zuwa uku su farfaɗo, sannan ka shimfiɗa a farantin da ke da maganin G418, mikrogiram 200 a kowace mililita, in filasmid ɗinka na ɗauke da garkuwar KanMX, domin maganin zai kashe duk yis ɗin da bai karɓi filasmid ba.

Kada ka yi faranti ɗaya. Yi uku. Wanda ba ka sa DNA ba, kada komai ya tsiro a kai, in ya tsiro maganinka ya lalace. Wanda ka sa almakashi babu faci, ya kamata ka ga ɗigo kaɗan ƙwarai, shaida ce cewa yankan na ci. Na ukun, mai almakashi da faci, shi za ka ga ya yi ɗigo-ɗigo farare bayan kwana biyu zuwa huɗu. Ɗauki takwas ka gwada da PCR, gwajin da ke ninka guntun DNA har a ga tsayinsa, waɗanda suka nuna tsayin da kake jira ka aika a karanta haruffansu.

Duk wannan a digiri 30 ne, kuma a nan garinmu ke shigo da nasa sharaɗin. Akwatin ɗumi na gama-gari ɗumamawa kawai ya iya. A watan Afrilu, da wuta ta ɗauke rana tsaka, ɗakin ya haura digiri 40, na rasa faranti na mako guda, ƙwayoyin da suka sha wahalar litiyom ba su da sauran ƙarfin jure wani zafin. Tun daga nan nake tsara aikin cusawa tsakanin Disamba da Fabrairu. Hunturu ma da nasa, ƙura, don haka a rufe tagogi, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kafin a fara, a yi aiki kusa da harshen wuta. In dole ta sa ka yi da bazara, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don ajiye kayan miya, tana riƙe faranti lafiya, ka dai sa ma'aunin zafi a ciki. Wanda kuma yake tunanin gaba, ya sa ido kan Kluyveromyces marxianus, yis ɗin da ake samu a madarar da ta yi tsami. Yana girma har a digiri 45, yana cin ziloz da kansa, kuma masu bincike a Sin sun riga sun sa shi yin zilitol a digiri 42. A ganina shi ne yis ɗin ƙasar nan, sai dai kayan gyaransa ba su kai na ɗan'uwansa yawa ba.

Ka samu yis ɗinka. Kada ka ruga wurin totuwa tukuna. Gwada shi da ziloz tsarkakakke na kanti, giram 20 a lita, mililita 50 cikin kwalba mai cin 250, a kan injin girgiza. Jera uku: uban da ba a taɓa ba, mai XYL1, mai XYL1 da ZWF1, kowanne kwalba uku. Uban ma zai ba ka ɗan zilitol, domin yana da wani anzim nasa, GRE3, mai ɗan taɓa wannan aiki, kada ka ɗauka gurɓata ce. Gyara ɗaya-ɗaya ake yi ana aunawa. Wanda ya cusa uku rana guda, in abin ya lalace bai san wa zai kama ba.

Awo kuwa shi ne inda talaucin labo ke fitowa fili, kuma inda dabara ke aiki. Injin HPLC ne ke raba ziloz da zilitol sarai, in babu shi kusa sai ka daskarar da samfura ka tara ka aika. Kafin nan, sinadarin DNS yana yin ja da ziloz da gulukoz amma ba ya kula zilitol, don haka za ka iya bin raguwar sukari a tsayin haske 540. Don sanin ko gulukoz ya ƙare, na'urar gwajin sukari irin ta gwaggo tana taimakawa in ka tsarma samfurin. Amma karanta takardar da ke cikin kwalin tsinkayen: masu gulukoz oksidaz ka nema, domin wasu masu GDH, musamman GDH-PQQ, suna ɗaukar ziloz a matsayin gulukoz su ba ka lambar ƙarya. Sannan ka auna nauyin kowace kwalba kafin ka ɗora ta da bayan ka sauke. Iskar Maraɗi a rani tana shan ruwan kwalba ta cikin audugar da ka toshe baki da ita, abin da ya rage ya yi kauri, kai kuma ka yi ta murna cewa yis ɗinka ya ƙara himma. Kuma ɓacewar ziloz kaɗai ba hujja ba ce cewa zilitol ya zama, sai ka gan shi da idonka a HPLC, ko aƙalla a kan farantin TLC, mai raba sinadarai ɗigo-ɗigo, kusa da ɗigon zilitol na gaske.

Sai yanzu totuwa. Na fi son ta a kan karan hatsi don karan yana da masu shi, dabbobi da masu darni. Ɓawon gujiya, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa, ga shi nan tuli, amma itacensa ya yi yawa, ziloz ɗinsa kaɗan. Totuwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata zilan ne, sarƙar da ziloz ke ɗaure a ciki, kuma masu gasa masara a bakin titi da manoman Jiratawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ka shanya, ka daka a turmi, ka tankaɗe. Awo ɗaya na gari, awo goma na ruwa mai asid sulfurik kashi 1 cikin 100, asid ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, da tabarau a ido. Ka dafa a kwalbar gilashi a digiri 121 tsakanin rabin awa da awa guda, ka tace, ka kashe tsamin da farar ƙasa ta labo, ka sake tacewa, ka bi da gawayi mai tsotsa.

Ruwan da zai fito launin shayi ne, kuma ba ziloz kaɗai ke ciki ba. Akwai asid asetik, akwai furfural da ke fitowa in ka dafa ya wuce kima, dukansu suna sa yis kasala. Za ka karanta cewa ƙara wa anzim ɗin ADH6 ƙarfi na sa yis ya jure furfural, kuma gaskiya ne. Amma duba da me ADH6 ke aiki: NADPH. Daga aljihun da XYL1 ke cin abinci ake biyan sa. Ka ɗauki ɗan aiki na biyu a kan jarin da bai ishi na farko ba. Ni na gwammace in ɓata yini guda ina tace ruwan da gawayi a waje, in bar wa yis kuɗinsa. Akwai kuma arabinoz a cikin ruwan, wanda anzim ɗinka zai mayar arabitol ba tare da ka roƙe shi ba, kuma shi ke wahalar da mai son zilitol ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya a ƙarshe.

Mai sha'awar eritiritol, labarinsa ya ɗan bambanta. Yis ɗinsa Yarrowia lipolytica ne, abincinsa giliserol, kuma masu bincike na Wroclaw a Polan sun nuna yana zubo shi sosai in ruwan ya yi tsami zuwa pH 3 aka kuma ƙara gishiri. Ana ƙara wa ƙwayoyin gadon GUT1 da TKL1 ƙarfi, a goge EYK1 don kada ya juyo ya cinye abin da ya yi. Sai dai shi ba ya karɓar faci da sauƙi: bakin ƙyallen sai ya kai haruffa 500 zuwa 1,000, galibi kuma sai an fara goge KU70, ƙwayar gadon da ke sa shi ɗinke yanka ba tare da ƙyalle ba.

Kafin ka yi odar filasmid ko guda, ka je wurin shugaban sashenka da takarda. Nijar na cikin Yarjejeniyar Kartahena kan halittun da aka sauya wa gado, kuma tun 2019 tana da dokarta a kan haka. Duk kwalba da farantin da yis ɗinka ya taɓa, a tukunyar matsi zai bi kafin ya ga kwata. Abin da ka samu a labo ba na ɗanɗanawa ba ne, ya bi ta asid da maganin G418. Na kanti ma a nisanta shi da karnuka, kaɗan ke kashe su. Kuma tunda masu bincike na Cleveland Clinic suka ruwaito, a 2023 kan eritiritol da 2024 kan zilitol, cewa yawansu a jini na tafiya tare da haɗarin gudan jini, na ce wa gwaggo ta tsaya a cokali guda ta kuma gaya wa likitanta.

Da zarar karatun haruffa ya dawo daidai, a ranar ka ajiye irin. Ka gauraya yis ɗin da ya kwana yana girma da giliserol da aka dafa, yadda giliserol zai zama kashi 20 cikin 100, ka raba a ƙananan bututu biyar, ka rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin da ba ya gogewa. Wurinsa na gaskiya firigo mai digiri 80 ƙasa da sifiri. In naku na 20 ne, ka cusa bututun cikin gorar ruwa da ta daskare don su jure ɗaukewar wuta, ka kuma riƙa sabunta faranti duk wata. Nawa yanzu kashi uku na yi musu: ɗaya a labo, ɗaya wurin wani abokin aiki a Yamai, ɗaya kuma na ba wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Zariya, na ce ya sa a can ƙasan firigon, bayan akwatunan da ba a taɓawa.